Matambayi Ba Ya Ɓata: wa ya tara tudun nan na bakin titi?

Jama'a barkanmu da warhaka. A fitowar da ta wuce mun buga wani hoto da wani ƙaninmu ya aiko, muka ce amsa sai wannan karon dan wuri ya ƙure mana, to kafin mu waiwayo sai ga wasu wasiƙun sun biyo baya duk akan hoton, shine na haɗe su waje ɗaya. Ga ta farkon.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Yayana ne yake tuƙin tirela a Amurka, kwanaki ya turo mun hoto ta WhatsApp ya tsaya a bakin wani titi a jihar Misisifi, a bayansa akwai wani tudu kore shar duk ciyawa, samansa a baje kamar an daɓe, kuma ko ina gona ce shimfiɗe babu ko dutse ɗaya, sai wani allon ƙarfe akan sanda da rubutu a jiki. Yace wai an rubuta mutane ne suka tara ƙasar da hannu tun kafin zuwan Turawa. Na nuna a majalisarmu aka yi ta musu har aka kira isha'i, wani yace suri ne ya girma, wani yace ƙasar da katafila ta ture ce lokacin aikin titi kawai an kafa allo ne dan a ci kuɗin baƙi. Dan Allah Malam meye gaskiyar abun? Daga ɗalibinka a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Gaskiya yayanka ya faɗa maka, ba suri bane ba kuma aikin katafila bane, mutane ne suka ɗebo ƙasar kwando kwando suka tara. Su waye? 'Yan asalin ƙasar, waɗanda mu nan muka saba ce ma Jajayen Indiyawa, sunan da ya samo asali daga kuskuren Kolumbus da ya isa yankin a 1492 ya zaci Indiya ya shiga. Su basu kiran kansu haka, kowace ƙabila da sunanta da harshenta, akwai Choctaw akwai Chickasaw akwai Natchez akwai Osage da sauransu da yawa, kuma har gobe suna nan basu ƙare ba.

Titin da yayanka ya tsaya inaga mai lamba 61 ne, wanda ya bi gefen kogin Misisifi. A 2016 jihar ta kakkafa alluna a wurare sama da 30 a wannan hanyar, kowane allo a gaban tudunsa, da sunan wurin da kimanin shekarunsa da ɗan bayanin abun da aka gano. Yawancin tuddan a cikin gonakin mutane suke, shi yasa aka yi abun yadda zaka faka mota ka karanta ka kalla daga bakin titi ba sai ka shiga gonar wani ba. Ba a karɓar ko sisi a gindin allon, dan haka abokinka mai maganar cin kuɗi ya kwantar da hankalinsa.

Amma in kana son ka ga uban tuddan sai ka haura arewa, jihar Ilinoi, daf da birnin Sen Luwis ta tsallaken kogi, wurin da ake kira Kahokiya. Nan ba tudu ɗaya bane, birni ne guda ya zama kufai. A wajajen shekarar 1100, wato kusan lokacin da tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ya fara ganuwa, ana ƙiyasin mutum 10,000 zuwa 20,000 ne ke zaune a wurin, da tuddai kusan 120, da ƙaton fili a tsakiya na taro da wasa, da katangar gungume da ta zagaye tsakiyar gari. Babban cikinsu da ake ce ma Monks Mound tsayinsa mita 30, ka ƙiyasta benen nan mai hawa goma na titin Ahmadu Bello a Kaduna, faɗin gindinsa kuwa ya kusa filin ƙwallo takwas, a samansa kuma an gano gurbin wani ƙaton gini na katako. Ƙasar da ke jikinsa ta haura kubik mita 600,000. Na zauna na buga lissafi da kaina, in tifa ɗaya na ɗaukar kubik mita goma to sawu sama da 60,000 kenan, kuma mutanen nan basu da tifa basu da jaki basu da doki basu da amalanke basu da fartanyar ƙarfe, da fartanyar dutse suke tono su zuba a kwando su saɓa a baya. Wallahi duk wanda ya taɓa yin dakon ƙasa ko na yini ɗaya a wajen gini yasan abun da nake nufi.

Ta ina aka tabbatar kwando ne? Idan masu bincike suka yanki gefen irin wannan tudun sai su ga ƙasar dabbare dabbare, nan curin baƙar laka nan curin mai rairayi nan mai haske, kowane curi daidai kayan mutum ɗaya, yadda aka juye shi haka ya zauna shekara kusan dubu. Kuma ba zubawa kawai suke ba, sun san inda zasu sa yumɓu dan ya riƙe da inda zasu sa yashi dan ruwa ya tsane, kamar dai yadda maginanmu na da suka san ƙasar da ake kwaɓawa da wadda ba a kwaɓawa. Sannan ramukan da suka ɗebi ƙasar suna nan a gefe, da damina su cika da ruwa. Mu ai ba baƙonmu bane, kududdufi kenan, duk tsohon garin Hausa da ka gani da kududdufi to gidajen garin da ganuwarsa daga cikinsa suka fito. Masara ce ta riƙe birnin, kafin 1400 kuma an watse an bar shi, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1982.

Kahokiya ma yarinya ce in aka zo maganar shekaru. A jihar Luwiziyana akwai Watson Brake, tuddai 11 a zagaye, an fara tara su wajen shekara 3,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sun girmi dalar Masar. Akwai Poverty Point da aka gina tsakanin 1700 da 1100 kafin haihuwarsa, kunyoyi shida manya manya masu siffar jinjirin wata ɗaya cikin ɗaya da tudu mai mita 22, kuma waɗanda suka yi shi ba ma manoma bane, masunta ne da mafarauta. A Ohayo kuma akwai wanda aka yi da siffar maciji, tsawonsa ya haura mita 400. Ka kai ma majalisarku wannan.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni na taɓa ji a wani wuri cewa ba Indiyawan suka yi tuddan ba, wai wasu mutane ne masu wayewa da suka zo daga wata ƙasa, wasu ma sunce Banu Isra'ila ne da suka ɓace, daga baya Indiyawan suka kashe su. Ya abun yake? Malamin firamare daga Kawo.

AMSA: Malam na gode da ka kawo wannan, dan ita ce maganar da tafi ci mun rai a duk lamarin. Ƙarya ce, amma tsohuwar ƙarya ce wadda aka rubuta a littattafai aka koyar da ita shekara da shekaru. Turawan da suka kwararo yankin suna neman gonaki sun tarar da tuddai dubbai, sai suka kasa yarda cewa kakannin mutanen da suke kora ne suka yi, aka yi ta laluben mai aikin a wani wuri, yau ace Banu Isra'ila gobe ace mutanen arewacin Turai jibi ace wani birni ne da teku ta haɗiye. Kuma ƙaryar tana da amfani a wajensu, dan in ka nuna cewa mutumin da ka tarar shima ƙwace yayi daga wasu to ka samu hujjar ƙwacewa daga hannunsa. A 1830 shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun daga ƙasarsu zuwa yammacin kogin Misisifi, a jawabinsa na ƙarshen shekarar kuma ya kawo zancen waɗannan gine-gine a matsayin na wasu mutanen da ba a sani ba. Dubban mutane suka mutu a hanya saboda yunwa da sanyi da cuta.

Abun takaicin shine shaida na nan tun farko. Tawagar Hernando de Soto ɗan Sifaniya da ta ratsa yankin daga 1539 ta ga sarakuna da gidajensu a saman tuddai. Faransawa a farkon shekarun 1700 sun ga sarkin Natchez zaune akan nasa. Duk da haka sai a 1894 wani mai bincike Cyrus Thomas, wanda shi kansa da farko ya karkata ga waccan maganar, ya fitar da rahoto bayan shekaru ana tono da aune-aune ya tabbatar cewa kakannin 'yan ƙasar ne suka yi.

Mu 'yan Afirka ai mun sha irin wannan. Ganuwar dutse ta Zimbabwe cewa aka yi baƙi ne daga gabas suka gina, wasu har da jingina ta ga Bilkisu, kan tagulla na Ife kuwa Bajamushe Leo Frobenius da ya ganshi a 1910 yace ai aikin mutanen wancan birnin ne da ya nutse a teku. Shi yasa nake ganin allon bakin titi ba ƙaramin abu bane, layi biyar ne ko shida amma shi matafiyi zai karanta, mutum dubu zasu karanta allo kafin mutum ɗaya ya buɗe rahoton jami'a. In allo yace wasu mutane ne da ba a sani ba to yaro ya tafi da ita kenan har tsufansa, in yace kakannin ƙabila kaza ne kuma jikokinsu na raye to magana ta canza. Yanzu a wurare da dama ana zama da ƙabilun kafin a rubuta sabon allo, kuma haka ya kamata tun farko. Kai da kake gaban yara kullum Malam, ka fini sanin nauyin jimla ɗaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tambayata gajeruwa ce, tuddan nan kaburbura ne? In kaburbura ne me yasa ake barin mutane suna tonawa suna hawa suna hoto? Uwar yara daga Malali.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Wasu kaburbura ne wasu ba kaburbura bane. Masu baje a sama irin na hoton yawanci dandamali ne na gidan sarki ko ɗakin bauta, masu tsini kamar an kifa ƙwarya su aka fi bizne mutane a ciki. A Kahokiya an tono wani ƙaramin tudu aka samu gawa kwance akan duwatsun ado na ƙwanson teku wajen 20,000.

Damuwarki kuma a kan hanya take, dan an yi ɓarna ba kaɗan ba. A Spiro ta jihar Oklahoma tsakanin 1933 da 1935 wasu suka yi hayar filin suka fasa tudu suka kwashi kaya suna sayarwa, ƙasusuwa a watse a waje, da zasu tafi suka sa masa nakiya. A Dickson ta Ilinoi kwarangwal sama da 200 aka bari a buɗe mutane na zuwa kallo, sai a 1992 aka rufe bayan 'yan ƙasar sun daɗe suna kuka. Sen Luwis da ake ma kirari da birnin tuddai ta cinye nata kusan kaf, babban cikinsu a 1869 aka ƙarasa kwashe shi aka yi cikon hanyar jirgin ƙasa da ƙasarsa, yau sai sunan titi da ɗan dutsen tunawa. A Newark ta Ohayo kuwa sama da shekara ɗari ana buga wasan golf a cikin wani wurin tuddan, sai ranar 1 ga Janairun 2025 aka buɗe shi ga kowa.

A 1990 aka yi dokar da ta tilasta ma gidajen tarihi da jami'o'in da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su lissafa ƙasusuwa da kayan kabarin da ke hannunsu su mayar ma masu su, har yanzu ana kan mayarwa. Kuma a 2008 jihar Misisifi ta miƙa ma Choctaw tudun Nanih Waiya da suke ɗauka a matsayin uwa, tushen da suka fito. Ni dai a wajena Hajiya gawa tana da alfarma ko ta waye, wanda ba zai so a baje kakarsa a gilashi ba bai kamata ya biya kuɗi ya kalli ta wani ba.

TAMBAYA: Malam duk mun ji na Amurka. To mu fa, bamu da irin wannan ne a ƙasar Hausa? In muna da shi ina namu allon? Ni shekarata saba'in da ɗoriya, ina yaro akwai ganuwar da muke hawa a garinmu yanzu ko alamarta babu. Dattijo daga Rigachikun.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Muna da shi mana. Mafi kama da nasu shine Durɓi ta Kusheyi a ƙaramar hukumar Mani ta jihar Katsina, tuddan kushewar sarakunan farko ne, an tona a 1907 zamanin Sarki Dikko aka sake tonawa a 1992, an samu 'yan kunnen zinare da awarwaron hauren giwa da tasoshin tagulla da wuri da duwatsun wuya, har Jamus aka kai su aka gyara. A Borno akwai tudun Daima, shi gari ne aka yi ta ginawa akan gari har ƙasa ta taru ta yi sama. Nan jiharmu ta Kaduna ga Turunku a Igabi, garin Bakwa da ake dangantawa da Sarauniya Amina, ga Kufena, ga ganuwar Zazzau da ƙofofinta, Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da sauran, ga Nok a ƙasar Jaba da duniya ta san mutum-mutuminta na yumɓu. To amma Baba tsakani da Allah sau nawa mutum ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya ya ci karo da allon da yace masa ga Turunku ta nan, ga abun da ya faru a can? Allon 'yan siyasa da na makarantun kuɗi da na masu maganin gargajiya kam ba a magana.

Shekarun baya naje ɗaurin aure wani ƙauye ta wannan hanyar, bayan an shafa fatiha na zaga bayan gari sai na tarar da samari uku da jakuna biyu suna saran wani dogon tudu da diga, jar ƙasa mai kyau, suna lodawa a mangala. Na matsa kusa na duba inda suka sara, ga tsingaro a jere a jikin ƙasar wani da zanen igiya a bakinsa, ga kashin maƙera baƙi ƙirin, na ɗauki guda na riƙe a hannu yana da nauyi. Nace samari kun san meye wannan? Sukace tudu ne, kowa nan yake ɗiba. Wani tsoho da ke zaune a gindin tsamiya yana tufka igiya shine yace mun ganuwa ce, ya nuna mun da sandarsa inda ƙofa take da, ya faɗi sunanta, yace kakansa ya bashi labarin a nan ake rufe gari in an ji mahara. Samarin suka tsaya suna saurare da diga a hannu, a garin aka haife su amma ranar suka fara ji. Ban ga laifinsu ba, siminti yayi tsada kuma ɗaki suke son yi, babu kuma wanda ya taɓa gaya musu. Da na koma bayan wasu shekaru tsohon ya rasu, wurin kuma an yanka filaye.

Ba zan ce maka allo na hana ɓarna ba, a Kahokiya ma babban titi ya ratsa ta cikin kufan. Wani lokacin ma allo nuna ma ɓarawo hanya yake, mun ga yadda masu haƙa suka yi ma yankin Nok suna fitar da kaya waje, a Amurkan ma akwai wuraren da da gangan ake ɓoye inda suke. Dan haka inda kaya ke bizne a bar maganar a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da masu unguwanni. Amma ganuwa da kufai da tsohuwar ƙofa da kowa ke gani, waɗannan ba abun ɓoyewa bane, kuma ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyar ci gaban gari ko tsofaffin ɗalibai zasu iya, falle ɗaya na ƙarfe da fenti da mai walda, a nemi izinin hakimi da ƙaramar hukuma, a je gidan tarihi na titin Ali Akilu ko Gidan Arewa ko sashen binciken kayan tarihi na jami'ar Ahmadu Bello a tantance abun da za a rubuta dan kar a rubuta tatsuniya. A sa da Hausar boko da ajami kafin Turanci, in ƙasar Ham ce ko Gbagyi ko Atyap a sa harshensu a sama, abun da aka tabbatar ace an tabbatar, abun da baka ce ace inji tsofaffi.

Baba ina roƙonka abu ɗaya, ka sa jikanka ya ɗauko waya ya naɗi muryarka, ka faɗi sunan garin da inda ganuwar ta bi da sunayen ƙofofin da ka tuna da wanda ya baka labari, ku aiko mana. Duk mai karatu da ke da irin wannan a garinsu shima ya aiko, zamu ware shafi a fitowa ta gaba mu fara jera su.